Yini Guda a Garwa: Fada, Kabari da Ramin Yaƙi

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ga na cikin Garwa, Fulɓere da Hausare da Yelwa da Lopere da Rumde Ajiya. Gaisuwa ga na Pitowa da Gashiga da Gidar, da kuma 'yan uwa na ƙetaren iyaka, Yola da Jimeta da Mubi, duk inda muryar nan ta iske ku.

Yau shirin namu na yawo ne. Za mu tsara yadda magidanci zai ɗebi iyalinsa, ko malamin makaranta ya ɗebi ɗalibansa, su fita bayan sallar asuba su dawo kafin magariba, su zagaya wuraren tarihin Garwa da kewayenta. Amma bari in ja kunne tun kafin a zuba wa mota mai. Wanda ya saba ganin dalar Fir'auna ta Masar a talabijin, ko kabarin Taj Mahal na Indiya, ya fito yana neman irinsu a nan, zai koma gida yana cewa an ɓata masa yini. Magabatanmu da ƙasa suka yi gini, ƙasa kuwa damina ke cinta. Sarakunanmu Musulmi ne, ba a yi wa kabarinsu ado. Galibin wuraren kuma babu allon da zai gaya maka abin da ya faru. An ce gani ya kori ji, to a wannan tafiyar sai ji ya shiga gaba, gani ya biyo baya. Idan ba ka zo da labarin a kanka ba, ko ba ka samu dattijon da zai ba ka ba, tudu kawai za ka gani da katanga.

Mu fara daga kan gada, da sanyin safiya, kafin manyan motoci su cika hanya. Ku nemi wuri a gefe ku tsaya, ku sa yara su dubi Binuwai da kyau, domin ba don shi ba da babu Garwa. Wanda ya yi sa'a ma zai hangi dorina. Ƙasa da nan, wajen iyakar Najeriya, akwai inda kogin Faro ya shiga Binuwai, wurin da ake kira Tepe. Nan ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya iso bakin ruwan ranar 18 ga Yuni 1851, yana kan hanyarsa ta zuwa Yola. Lamiɗon Yola, Lawal, bai yarda ya zauna ba, 'yan kwanaki ya yi aka sallame shi. Amma labarin da ya kai Turai, cewa akwai kogin da zai iya ɗauko jirgi daga teku har tsakiyar ƙasar nan, shi ya buɗe ido. Daga baya Garwa ta zama tashar jiragen ruwa. Idan kogi ya kawo a tsakiyar damina, jirage su hauro ta Lokoja da Makurɗi da Yola, su sauke gishiri da kananzir da siminti, su lodi gyaɗa da auduga, su yi sauri su juya kafin ruwa ya janye. Aikin 'yan makonni ne a shekara, amma shi ya riƙe kasuwar arewacin Kamaru shekaru da yawa. Yau tashar ta yi shiru. Kwalta ta zo, jirgin ƙasa ya iso Ngaundare, yashi ya cika kogi, madatsar Lagdo da aka gama a 1982 ta canja yadda ruwan ke tafiya. Mutanen Najeriya sun san sunan Lagdo sarai, sai dai a lokacin ambaliya suke tuna shi.

Daga gada sai fada. Kafin a isa, a cikin mota, a ba yara wannan labarin. Kafin Fulani su kafa mulki a nan, Batawa ne a bakin kogi, Fali kuma a wajen duwatsu. A 1809 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba Modibbo Adama tuta, ya dawo ya kafa daular da aka kira Fombina, wadda daga baya ta ɗauki sunansa, Adamawa. Ya fara zama a Gurin, bakin Faro, ya yi ta ƙaura har ya zauna a Yola a 1841, ya rasu a 1847. A ƙarƙashin wannan tutar ce shugabannin Fulani suka kafa sarautu fiye da arba'in, daga Marwa har Ngaundare da Tibati da Banyo. Na Garwa shi ne Modibbo Haman Njundi. Abin da ya kafa tun farko ribaɗi ne, wato garin tsaro mai shinge, inda mayaƙa ke zaune da iyalansu suna noma suna gadi, irin wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi a Wurno. Saboda haka idan yaro ya tambaye ka, "Baba, ina sansanin yaƙin da aka ce za mu gani?", ka ce masa yana tsaye a cikinsa. Tsohon garin kansa shi ne sansanin. Gaisuwar shekara daga nan Yola take tafiya, daga Yola ta wuce Sakkwato.

Bahaushe ba zai ji baƙunta a fadar ba. Zai ji ana kiran Galadima da Kaigama, Sarkin Yaƙi, Sarkin Fada, Liman, Alkali, Sarkin Pawa. Fulanin da suka zo da shanu da littattafai ba su zo da tsarin fada ba, sai suka ɗauko na Hausa da na Barno suka yi amfani da shi. Fatake Hausawa kuma sun biyo bayan mayaƙa tun da wuri, suna kawo tufafi da kayan doki, suna komawa da hauren giwa da goro, da bayi ma, kada mu ɓoye. Unguwar Hausare ba jiya aka kafa ta ba.

Fada ba gidan kallo ba ce, gidan mutane ne, kuma wurin aiki. Ana shari'ar gona a ciki, ana sasanta aure, ana karɓar baƙi. Mai zuwa da ɗalibai ya rubuta takarda tun mako guda kafin ranar, ya kai da kansa, ya nemi a haɗa shi da wanda zai yi wa yara bayani. A cire takalmi inda aka ga ana cirewa. Kada a ɗaga waya a ɗauki hoton kowa sai dogari ya ce an yarda. 'Yan mata su yafa mayafi, samari su bar gajeren wando a gida. Idan Allah ya sa aka samu ganin Lamiɗo, a durƙusa a yi gaisuwa, babba ɗaya ya yi magana a madadin kowa. Ranar Juma'a ta fi kyan kallo, saboda fitar masallaci da dawakai da algaita, amma ita ce ranar da ba wanda zai samu sukunin zama da ku. Ni dai da za a bi shawarata, a je ranar da fada ba ta da cunkoso, a samu dattijon da ba ya sauri. Ginin da za ku gani a ƙofa na zamani ne. Tsufan wurin yana bakin mutanensa.

(Kiɗan algaita kaɗan)

To, mu zo kan kaburbura, tunda su ne mutane suka fi tambaya. A ƙasashenmu na sarauta, galibi ana binne sarki a cikin gidan sarauta ko kusa da shi. Hubbaren Shehu a Sakkwato gidansa ne, a nan aka sa shi. Muhammadu Bello yana Wurno, Malam Abdullahi yana Gwandu, Modibbo Adama yana Yola, sarakunan Kano na baya-bayan nan suna gidan Nassarawa. Haka abin yake a lamidodin wannan yankin: makwancin sarakuna abu ne na dangi, ba kowa ake kaiwa ba, kuma ba a kowane lokaci ba. Idan kun roƙa aka ce a'a, ba wulaƙanci ba ne, ku yi godiya ku wuce. Idan aka ce to, ku shiga da alwala da ladabi, a yi sallama ga mamata, a roƙa musu gafara, a fito. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi izinin ziyarar kabari domin tana tuna wa mutum lahira. Malamai sun yi saɓani kan gini a kan kabari da kan neman tubarraki, kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi, amma kada a mai da makwancin iyayen wasu filin gardama. Na sha ganin samari sun shiga irin wannan wuri suna wa mai gadi wa'azi. Wannan ba ilimi ba ne, rashin tarbiyya ne.

Abin da za a nuna wa yaro a nan shi ne ƙanƙantar abin. Mutumin da aka buga wa tambari, wanda dubban dawakai suka bi bayansa, ga shi ƙarƙashin tudun ƙasa daidai da na talakansa. Sannan a sa yaron ya lissafa. A tambayi dattijo wa ya gaji wa, shekara nawa ya yi, a zamanin wa Bature ya zo, a zamanin wa aka yi yunwa, a zamanin wa aka gina babban masallaci. Jerin sarakuna shi ne kalandar mutanen da. Wanda ya riƙe shi, ya samu inda zai rataya duk wani labarin da zai ji daga baya.

Gidan sarautar Garwa ya fitar da mutanen da duniya ta sani. Sadu Hayatu ya yi firaministan Kamaru daga 1991 zuwa 1992. Ɗan uwansa Alim Garga Hayatu ya yi sarautar Garwa har rasuwarsa a 2021. Isa Hayatu kuwa ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka daga 1988 zuwa 2017, ya rasu a Paris ranar 8 ga Agusta 2024, aka ɗauko shi aka kawo shi gida aka binne. Amma akwai kabarin da duk yawon da za ku yi a garin nan ba za ku same shi ba. Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko, an haife shi a Garwa a 1924, ya yi mulki daga 1960 har ya sauka da kansa a Nuwamba 1982. Ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamba 1989, an binne shi a maƙabartar Yoff. Matarsa Germaine ta yi shekaru tana neman a mai da shi gida a hukumance, har ita ma ta rasu a 2021 aka binne ta can kusa da shi. Wannan shiri ba na siyasa ba ne. Amma yaran za su wuce filin jirgin sama, su wuce filin wasa na Rumde Ajiya, a ce musu a zamanin Ahijo aka yi, dole ɗaya ya tambaya ina kabarinsa. A ba shi amsa ta gaskiya: yana Senegal.

Kafin mu bar fada, in ambaci wani ɗan garin nan da ya cancanci a san shi fiye da yadda aka san shi. Eldridge Mohammadou, an haife shi a Garwa a 1934, ya rasu a Maiduguri a 2004, inda ya koyar a jami'a. Wannan bawan Allah ya ɗauki na'urar naɗar magana ya bi fadoji ɗaya bayan ɗaya, ya zauna gaban tsofaffi, ya naɗi abin da suka sani da Fulatanci, ya rubuta, ya fassara zuwa Faransanci. Tarihin Garwa da aka buga a 1980 tare da Modibbo Ahmadu Bassoro suka yi shi, ya kuma yi na Rai Buba da na Marwa da wasu. Tsofaffin da ya naɗa duk sun riga mu gidan gaskiya. Yau kowane ɗalibi yana da na'urar da ta fi tasa a aljihu. Malam, ka zaɓi yaro ɗaya mai hankali, ka nemi izinin dattijo, a naɗi bayaninsa daga farko har ƙarshe, a ajiye a makaranta da suna da kwanan wata. Wannan ya fi hoton tsayuwa a ƙofar fada amfani sau ɗari.

Yanzu rana ta ɗaga, mu hau tudun da ke kallon gari da kogi, inda Turawa suka kafa nasu zaman. Labarin ya fara ne a kan tebur. A Nuwamba 1893 Ingila da Jamus suka ja layi a taswira, suka bar Yola a hannun Ingila, mafi yawan ƙasar da take mulka kuma ta faɗa hannun Jamus. Wato an bar kai a gida ɗaya, gangar jiki a wani. Ranar 2 ga Satumba 1901 sojojin Ingila suka ci Yola. Lamiɗo Zubairu ya ƙi miƙa wuya, ya yo gabas yana tara jama'a. Jamusawa suka karya rundunarsa kusa da Garwa a Nuwamba na shekarar, suka sake karya ta a Miskin, bakin Marwa, a Janairu 1902. Doki da mashi ba su da abin yi gaban bindiga mai ruwan harsashi. Zubairu ya yi ta gudun hijira har aka kashe shi a 1903. A 1907 wani malami da ake kira Goni Wadai ya tara mabiya da kiran Mahadi ya nufo Garwa, shi ma haka aka yi masa.

Sai yaƙin duniya na farko. Jamusawa sun mai da Garwa babban sansaninsu na arewa, suka haƙa ramuka, suka tayar da tungaye na ƙasa, suka kewaye da waya mai ƙaya. A ƙarshen Agusta 1914 rundunar Ingila ta taso daga Yola ta kai farmakin dare, ta kama tunga ɗaya, gari na wayewa aka fatattake ta. Kwamandanta, Maclear, a nan ya mutu. A Afrilu 1915 kwamandan Jamus, von Crailsheim, ya kai hari har Gurin bai ci nasara ba. Sai Ingila da Faransa suka haɗa ƙarfi, ƙarƙashin kwamandojinsu Cunliffe da Brisset, suka jawo manyan igwa, ɗaya ma daga jirgin ruwan yaƙi aka ciro ta aka hauro da ita ta kogi. Daga 31 ga Mayu suka yi ta matsowa da rami suna luguden wuta. Sojojin Afirka da ke cikin tungayen suka ga ba mafita, wasu suka yi bore, da yawa suka faɗa Binuwai don su tsere, ruwa ya ci na ci. Ranar 10 ga Yuni 1915 aka ɗaga farar tuta, aka kama Turawa 37 da sojojin Afirka 212.

Ku lura da waɗannan alƙaluman. Littattafai sun riƙe sunan Maclear da Crailsheim da Cunliffe. Waɗanda suka haƙa ramin, suka ɗauki kaya a ka, suka mutu a ciki, 'ya'yan ƙasashen nan ne ta ɓangaren biyu. A rundunar Ingila Hausawa sun yi yawa har da Hausa ake ba da umarni. Mai yiwuwa kakan wani mai sauraronmu a Zariya ko Bauchi yana kwance a ƙarƙashin wata unguwa ta Garwa, ba dutse ba suna. Gari ya girma ya haɗiye filin dagar, gidaje da ofisoshi sun hau kai. Shi ya sa nake cewa a tsaya a kan tudun, a nuna wa yara ta ina Yola take, ta ina kogi ya bi, a bar su su auna da idonsu dalilin da ya sa mai riƙe da wannan tudu yake riƙe da hanyar ruwa. Bayan yaƙi Garwa ta koma hannun Faransa. A ƙuri'ar 11 ga Fabrairu 1961 kuma, yankin arewacin Kamaru da Ingila ke riƙo ya zaɓi Najeriya, ya zama lardin Sardauna, abin da ya yi wa Ahijo ciwo har ya sa aka yi zaman makoki a Kamaru. Sakamakon duk wannan shi ne yaron Yola yana karanta rabin labarin da Ingilishi, yaron Garwa yana karanta ɗaya rabin da Faransanci, alhali kakanninsu tuta ɗaya suka bi. Da aka yi gasar cin kofin Afirka a Janairu 2022, 'yan Najeriya sun cika garin nan don kallon Super Eagles, har Tunisiya ta fitar da su da ci ɗaya. Nawa ne daga cikinsu suka leƙa fada?

(Kiɗa)

An yi azahar, an ci abinci, an sha ruwa. Yanzu sai zaɓi, don yini ɗaya ba ya ɗaukar komai. Mai ƙananan yara ya nufi Gashiga, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, inda fadar Lamiɗon Demsa take. An san ta da dawakai, har da gidan adana kayan doki. A nan yaro zai ga sirdi da linzami da likkafa da kayan ado, a yi masa bayanin lifidi, rigar auduga mai kauri da ake sa wa doki da mahayinsa don kibiya. Doki shi ne ƙarfin daular nan, kuma shi ne iyakarta: inda fili yake, mai doki ke mulki, inda dutse ya fara, ko inda ƙudan tsando ya yi yawa, mulkinsa ya tsaya. Mutanen Numan kuma za su ce ai su ma suna da Demsa, inda Hama Bata, sarkin Batawa, yake zaune. Gaskiya ne. Tarihin baka na Batawa yana cewa daga tsohuwar Demsa ta wannan ɓangaren suka tashi suka kafa waccan.

A kan hanyar dawowa ku dubi duwatsun Tingilin da ke arewa da gari. Waɗannan ma sansani ne, kuma sun fi na Jamus daɗewa. Da mahaya suka mamaye fili, Fali da yawa suka hau sama, suka yi gidaje da rumbuna a tsakanin duwatsun da doki ba ya iya hawa. Labarin jihadi daga ƙofar fada daban yake da labarinsa daga kan dutse. A can za a ba ka labarin harin kamun bayi, da garuruwan da aka watsa, da 'ya'yan da ba su dawo ba. Malamin kirki zai bar ɗalibansa su ji duka biyun, don a ajinsa akwai jikokin mai doki, akwai jikokin mai dutse, benci ɗaya suke zaune. Fali suna da nasu tsarin binne manya, ana naɗe mamaci da sawayen auduga da fata a zaunar da shi, kuma suna da wuraren da baƙo ba ya takawa. A nemi mai unguwa kafin a hau, a bi ɗan jagoran da ya bayar.

Masu manyan ɗalibai da mota mai lafiya kuwa, su ɗauki hanyar Marwa. Za a wuce Pitowa, kimanin kilomita 15 daga gari, wadda kasuwarta ke ci ranar Lahadi, a wuce Figil, a isa Bidzar. A nan akwai shimfiɗaɗɗun fararen duwatsu da mutanen zamanin da suka sassaƙa wa zane, yawanci da'ira ce cikin da'ira da layukan da suka haɗa su, kimanin guda 500. Wani Bafaranshe mai suna Buisson ya fara ba da rahotonsu a 1933, Alain Marliac ya yi nazarinsu daga baya, a 2006 kuma Kamaru ta sa wurin a jerin da take neman UNESCO ta amince da su. Matsalar ita ce dutsen da aka yi zanen a kai shi ne irin wanda ake fasawa don siminti da dutsen ado, kuma masana'antun suna nan kusa. Ga wutar daji, ga masu rubuta sunansu da ƙusa. Duk ɗalibin da aka kama yana wannan, a mai da shi mota.

Wani zai ce, to ina Rai Buba? Ai ita ce uwar fadoji. Haka ne. Buba Njidda ne ya kafa ta a farkon ƙarni na 19, mutumin da ko Yola ba ta iya tanƙwara shi yadda take so ba, wanda gandun dajin Buba Njidda ke ɗauke da sunansa. Katangar fadar ta ƙasa ce, tsayinta ya kai mita 7, kewayenta wajen mita 800, kuma ita ma tana cikin jerin 2006. Tana tsaye har yau ne saboda ba a daina yaɓe ta ba. Ranar da hannu ya daina taɓa ginin ƙasa, ranar ya fara komawa gona. Amma kada kowa ya yaudare ku cewa za a je a dawo a yini ɗaya a ga wani abin kirki. Hanya tana da nisa, da damina tana iya yankewa, kuma fadar Lamiɗon ba a faɗa mata haka kawai, sai an aika an samu izini. A ware mata kwana biyu da rani.

Haka nan dutsen Mora, inda von Raben ya yi turjiya daga Agusta 1914 har 18 ga Fabrairu 1916, shi ne Bajamushe na ƙarshe da ya ajiye makami a Kamaru. Haka kuma kufayen Diy-Gid-Biy a duwatsun Mandara, gine-ginen dutse marasa laka da aka yi tsakanin ƙarni na 12 da na 17, waɗanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a Yuli 2025. Abin alfahari ne, amma yankin ya sha fama da Boko Haram. Kada a ɗebi 'ya'yan mutane a nufi can sai an ji ta bakin hukuma.

Saura guzuri. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, ba a yawo da yara a cikinsa. A ɗauki ruwa fiye da yadda ake zato, da hula, da takalmin da zai iya dutse. Kowane babba ya riƙe katin shaidarsa saboda shingen jandarma, malami kuma ya riƙe takardar izinin makaranta da jerin sunayen yara. Masu zuwa daga Najeriya su canja kuɗinsu zuwa sefa tun a bakin iyaka, su zo da takardun mota cikakku. A tanadi goro da ɗan abin hasafi na dogari da na dattijon da ya ba da lokacinsa, a miƙa da hannu biyu, ba a gaban yara ana ƙirgawa ba. Kowane ɗalibi ya zo da littafi da alƙalami, a ba shi tambaya ɗaya da zai nemo amsarta kafin a dawo. A kama hanyar gida da la'asar sakaliya, kada duhu ya same ku a kan titin Figil, manyan motocin siminti ba sa ragawa.

Makarantar da ta yi wannan fita, ta aiko mana da abin da dattijo ya faɗa da sunan garin da aka naɗa, za mu sa a shiri. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki hanyar Rai Buba, mu ji yadda ake yaɓen waccan katanga da waɗanda nauyin aikin ke kansu.